Wasalin Kan Ra

Shafi na 19

Masu bina har ta waya suna cewa na bar Malama Ɗahira a ƙofar zaure kwana uku, na ji, ku yi haƙuri, aikin kaka ne ya sha kaina. Ke kuma da kika rubuto cewa Yaya Abdulkabir yana da gaskiya, 'yar uwa ki karanta wannan shafin tukuna, sannan mu yi magana.

*

Ɗahira ba ta taɓa zama a zauren mahaifinta maza na ciki ba sai yau.

Ta rakuɓe a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ta ja hijabinta ta rufe ƙafafunta. Liman Sabiru yana kan tabarma. Buzun Baba Malam na shimfiɗe a gefensa, babu kowa a kai, don har gobe Liman ba ya yarda ya zauna inda malaminsa yake zama.

Yaya Abdulkabir kuwa ko zaman bai yi ba. Ya jingina da bango yana kaɗa makullin mota. Motar na waje, tun daga Dawanau ya taho da ita, an riga an shimfiɗa bargo da matashi a kujerar baya.

"Liman, la'asar fa ta yi sanyi," ya ce. "A karanta abin da za a karanta. Ina so in shiga gari da Baba kafin magariba."

"Babu inda Baba zai je, Yaya," in ji Ɗahira.

"Ba da ke nake ba."

Liman ya yi gyaran murya, ya kwance igiyar gafakar Malam, ya zaro takardar daga tsakanin warƙoƙin Alƙur'ani.

Ɗahira ta san abin da ke ciki.

Shekara uku ke nan da rubuta ta. Ranar da Baba Malam, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau huɗu, ya tsaya cak a tsakiyar Tabaraka yana jan sallar asuba, sai da na bayansa suka ɗora masa. Ranar bai karya ba. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, ya jiƙa tawada, ya rubuta wa kansa takardar wakilci da ajami, tun mantuwa ba ta gama shigowa ba.

Yanzu ta gama shigowa. Lauyar da Ɗahira ta je gani a Kano ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, wanda ya kai halin da Baba yake ciki ba zai iya sa hannu a wata sabuwa ba. Wannan falle ɗayan shi ne kawai muryar da ta rage masa.

Liman ya fara karantawa a hankali.

"Da sunan Allah. Ni Abdulrashid ɗan Malam Zubair, na rubuta wannan da hannuna, hankalina yana jikina. Na ga mantuwa ta fara zagaya ni. Idan ta ci ƙarfina, kada a fitar da ni daga gidan nan sai in za a kai ni makwancina. Maganar jikina da maganina da gonata da inda zan kwana, na ba da wakilcinsu ga..."

Ya tsaya.

Ya matsar da takardar kusa da idonsa. Ya juya ta wajen haske.

"Ga wa?" in ji Abdulkabir.

"Tsaya mana, Alhaji."

"Ai kai ne mai karatu. Ga wa?"

Liman ya ɗago. Fuskarsa ta canza.

"Ga Ɗahiru," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Daga waje ana jiyo 'yan ɗaurin gero suna ta hayaniyarsu a gonar makwabta, kamar ba abin da ya faru a duniya.

Waɗanda ba su yi allo ba, bari in fayyace muku, don a nan maganar take. A ajami, Ɗahira da Ɗahiru baƙaƙensu ɗaya ne, ba abin da ya raba su sai ɗan wasalin da ke kan harafin ƙarshe, wato ra. In ɗan karan da aka ja a kansa miƙaƙƙe ne, wasali bisa ke nan, sai a ce Ɗahira. In an yi wa karan ɗan kai an lanƙwasa, rufu'a ce, sai a ce Ɗahiru. Baba Malam da baƙar tawada yake rubuta baƙaƙe, ya bi wasula da ja. Ɗan jan abin nan da bai kai ƙwayar gero ba, shi ne yau zai ce tsoho ya kwana a ɗakinsa ko a tafi da shi.

"Miƙo mini, Liman," in ji Ɗahira.

Ta karɓa ta duba. Ga ra, ga jan wasali a kansa, ga ɗan kai a lanƙwashe. Rufu'a ce, ba ko tantama.

Ta bi takardar daga sama har ƙasa tana neman ko "ita" guda ɗaya, ko "'yata", ko "wakiliyata". Babu. Baba bai taɓa zama mai yawan magana ba, a baki ko a rubuce. Abin da ya biyo bayan sunan kawai shi ne: abin da aka yanke a wannan hannun, ni na yanke.

"Ba haka take ba," ta ce. "Wallahi ba haka take ba. Ranar da ya rubuta ya kira ni ya nuna mini. Wasali bisa ne, na gani da idona."

Abdulkabir ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ke ce mai nema, kuma ke ce shaida? A wace kotun ake haka?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Liman, Ɗahiru shekararsa nawa a ƙasa?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Talatin da bakwai."

"To. Mutumin da ya ɗauki wakilcin kansa ya ba yaron da ya mutu yana ɗan shekara uku, shi ne za a ce mini hankalinsa yana jikinsa lokacin da ya rubuta? Ai takardar da kanta ta faɗi gaskiya. Tun a ranar Baba ya riga ya tafi. Ba ta da wani amfani. Ni ne babba, ni zan yanke."

Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da jikina ya yi sanyi, don in ka bi maganar a fili, babu inda za ka kama shi.

Sunan Ɗahiru, ɗan Malam ƙanin Abdulkabir, ba a cika furta shi a gidan nan ba. Wata Laraba da hantsi ya faɗa rijiyar lambun bayan gida. Da aka taru, Malam ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi ne ya ja ruwan alwala ya manta bai mayar da murfi ba. Inna Safara'u ta ce Allah ya ƙaddara. Daga ranar tana yi masa tuwo, tana wanke masa kaya, tana amsa sallamarsa, amma ba wanda ya sake jin dariyarta a ɗakinsa. Bayan shekara ta haifi mace, Malam ya raɗa mata Ɗahira. A cikin wannan shirun Ɗahira ta tashi, ta yi karatu, ta yi aure katanga uku da gidan, ba ta taɓa sanin iyayenta da wata hira ba.

Ta juya wajen Liman kamar za ta yi kuka.

"Liman, ga sa hannunka nan a ƙasa. Kai da marigayi Alhaji Khalilu kuka shaida. Shi ya riga mu gidan gaskiya, saura kai. Faɗa masa abin da ka karanta ranar."

Liman ya kawar da kai.

"Liman?"

"Malama Ɗahira, ni fa ban karanta ba."

"Ban gane ba."

"Malam ya miƙo mini ya nuna inda zan sa suna, na sa. Ni in tsaya ina duba rubutun Malam a gabansa? Ni da ya koya wa riƙe alƙalami? Sai ka ce ina neman kuskurensa. Ko idona ban kai kan layin ba."

"To da baki fa? Bai faɗi sunan ba?"

"Ya ce mana dai ya zaɓi wanda zai tsaya masa a cikin 'ya'yansa. Muka ce Allah ya sa a dace. Ba mu tambaya ba."

Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ladabi na yi, Allah ya sani. Ban san ladabin zai zo ya cuci Malam ba."

Abdulkabir ya gyara tsayuwa.

"An gama ko? Shiga ki ce wa Inna ta haɗa masa kayansa. Kala uku sun isa. Na gyara masa ɗaki a can baya, ba hayaniya, ba mai shiga ya dame shi. Akwai wanda zai riƙa kula da shi."

"Ba mai shiga," Ɗahira ta maimaita. "Shi ya sa kake so ke nan."

"Me kike nufi?"

"Shekara uku Baba yana cikin wannan ciwon. Ni nake kai shi asibiti, ni nake ba shi magani, ni nake bin sa in ya fita ya kasa gane hanya. Kai sai ka yi wata biyu ba ka leƙo ba. Yanzu cikin mako biyu ka zo sau huɗu, har ka kwana a ɗakinsa. Me ya canza, Yaya?"

"Jikin ne ya yi tsanani."

"Ba jikin ba ne. Tun ranar da na gaya maka ta waya ya fara maganar rijiya, tun ranar ka kasa zama."

Makullin ya daina kaɗawa a hannunsa.

Ai kuwa gaskiya ta faɗa. Wata guda ke nan babu marufin da ke kwana a gidan. Marufin tukunya, faifan randa, murfin kwanon sha, duk wanda Baba ya samu sai ya ɗauka. Kullum bayan la'asar zai zaga lambu, ya je daidai inda aka cike rijiyar nan tun kafin a haifi Ɗahira, inda ƙasa ta ɗan lotsa, ba a shuka komai a wurin. Sai ya durƙusa ya jera marufan a kai, ya danne kowanne da dutse, ya koma gefe ya tsaya yana sauraro.

Ranar farko da Ɗahira ta same shi a haka, ya ɗora yatsa a baki ya ce mata, "Yi shiru. Kina jin ruwan yana motsi?"

Ba ruwa a wurin shekara talatin da bakwai. Amma ita ma ranar sai da tsigar jikinta ta tashi, kuma har yau ba ta iya bi ta lambun ita kaɗai.

"Kina da bakin magana yanzu," in ji Abdulkabir. "Don ya mayar da ke madadin wani, kin ɗauka ke ce wani abu. Ko sunanki ma na aro ne."

Wannan ta shige ta sosai. Abin da take gaya wa kanta ke nan tun tana yarinya, ba ta taɓa zaton za ta ji shi a bakin ɗan uwanta ba. Idonta ya ciko.

Sai aka ji jan takalmi daga waje.

Baba Malam ne. Ya zagayo ta ƙofar lambu, rigarsa a baibai, gwiwoyinsa duk ƙasa, ya rungume wani baƙin marufin tukunya a ƙirjinsa. Ya tsaya a bakin zaure yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya kamar baƙin da suka ɓata hanya.

Liman ya zabura ya durƙusa. "Allah ya gafarta Malam."

Baba ya ƙara rungume marufin.

Daga cikin gida aka jiyo muryar Inna Safara'u, ta matso bayan ƙofa.

"Ɗahira, duba mini hannun Malam. Marufin tukunyar miyata ne ban gani ba."

"Ga shi nan, Inna. Ina zuwa."

Amma ba ta tashi ba. Idonta na kan takardar da ke cinyarta. Baba ya manta sunayen jikokinsa, ya manta hanyar masallaci, wani lokacin ita kanta sai ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Sai dai jiya-jiyan nan ta ga ya tsinci wani tsohon allo, ya karance shi tas, har ya nuna inda mai allon ya tsallake kalma.

"A ba shi ya karanta da kansa," ta ce.

"Ke kina hauka ne?" Abdulkabir ya taso. "Mutumin da bai san inda kansa yake ba?"

"In bai sani ba, me kake tsoro?"

"Liman, ka hana ta wannan shirmen!"

Liman ya dubi Abdulkabir, ya dubi malaminsa. Sannan ya miƙe ya kama hannun tsohon, ya zaunar da shi a kan buzunsa.

"Na ƙi dubawa sau ɗaya, Alhaji," ya ce. "Ba zan hana mai rubutu duba rubutunsa ba."

Ɗahira ta rarrafa ta zare marufin daga hannun Baba a hankali, ta sa masa takardar.

Wallahi da kuna wurin da kun ga abin mamaki. Yana ganin tawada bayansa ya miƙe. Ya tanƙwashe ƙafa yadda ya saba, ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara karantawa da muryar nan tasa ta da, wadda ake jiyowa har bakin kasuwa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"...kada a fitar da ni daga gidan nan sai in za a kai ni makwancina. Maganar jikina da maganina da gonata da inda zan kwana, na ba da wakilcinsu ga..."

Yatsan ya tsaya a kan ra.

Ya daɗe a wurin.

Liman ya matso. "Allah ya gafarta Malam, wasali bisa ne ko rufu'a?"

Baba ya ɗaure fuska, irin ɗaurewar da duk wanda ya yi karatu a zauren nan ya sani.

"Wa ya taɓa mini rubutu?"

Ya danna yatsa a kan wasalin.

"Karan nawa ne. Wasali bisa na ja. Wannan kan da aka ɗora masa ba hannuna ba ne." Ya kai takardar kusa da ido. "Ni rufu'ata ba ta buɗe baki haka. Mutum ɗaya na sani mai wannan rufu'ar. Na yi dukan, na yi faɗan, ya ƙi rufe mata kai."

Ya ɗago a hankali. Idonsa ya wuce Liman, ya wuce Ɗahira, ya tsaya a jikin bango.

"Abdulkabir."

Ɗahira ta dafe ƙirji.

Ɗan fari ne. Shekararsa arba'in da takwas a duniya, mahaifinsa bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. Babba yake ce masa, in ya so ya ce yaron nan. Yau ga sunan ya fito cikakke, tun daga farko har ƙarshe, a gaban mutane.

Makullin motar ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma.

"Baba..."

"Kai ba ka rufe komai," in ji tsohon. Muryar ta fara sauka, ta koma wata iri, kamar mai magana da ƙaramin yaro. "Na ce ka ja guga biyu ka ba tumaki, ka mayar da murfin. Ka mayar?"

"Baba, don Allah."

"Ka mayar? Ina ƙaninka? Ba tare na gan ku ba?"

Abdulkabir ya sulale a jikin bango har ƙasa. Alhaji guda, mai rumbuna a Dawanau, ya haɗa kai da gwiwa.

Baba ya miƙa hannu ta inda yake yana lallashin iska.

"Yi shiru. Daina kukan, za a ji. Shiga rumbu ka ɓuya. Kada ka gaya wa uwarka, ba za ta iya kallonka ba. Ni zan ce ni ne. Ka ji? Ni zan ce ni ne."

Ƙofar cikin gida ta yi ƙara.

Inna Safara'u ce tsaye, muciya a hannunta, ko mayafi babu. Matar da ba ta taɓa taka zauren nan da rana ba tun da aka kawo ta gidan. Ta shigo, ta wuce Liman kamar ba ta gan shi ba, ta durƙusa a bakin buzun mijinta. Ɗahira ba ta taɓa ganin ta zauna kusa da shi haka ba.

"Malam," ta ce. "Me ka ce? Maimaita mini."

Baba ya juyo.

"Malam, shekara talatin da bakwai ina riƙe da kai a raina. Ka dube ni. Ba kai ba ne?"

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Takardar ta zame daga hannunsa, bayansa ya koma ya ranƙwafa, hasken nan da ya zo idonsa ya tafi, Ɗahira tana kallo.

Ya yi mata murmushi irin na mutunci.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. "Wajen wa kika zo?"

Ɗahira ta toshe baki, kukan ya ƙwace mata. Liman yana ta innalillahi a ƙasan maƙoshi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki marufin tukunyar da ta zo nema, ta mayar wa Malam a hannunsa, ta haɗa yatsunsa a kai. Sannan ta miƙa hannu kan tabarma ta tsinci makullin motar, ta ƙulle shi tam a haɓar zaninta.

"Babu inda za a kai shi," ta ce.

Ta juya ta fuskanci ɗanta na fari.

"Shi ya manta ni. Kai ba ka manta ba. Ɗago kanka ka dube ni. Wa ya bar rijiyar a buɗe?"